Daga Zanen Gida Zuwa Zanen Manhaja: Tarihin Wani Tunani Da Ya Yi Ƙaura

Gabatarwa

Tarihin ilimi cike yake da labarin tunanin da aka haifa a wani gida amma ya je ya girma a wani. A wannan maƙala za mu bi sawun ɗaya daga cikin irin waɗannan, wato tunanin da wani masanin zanen gine-gine mai suna Christopher Alexander ya raina domin magina, amma masu rubuta manhajar kwamfuta suka karɓe shi hannu bibbiyu fiye da yadda abokan sana'arsa suka yi. Za mu duba inda tunanin ya samo tushe, da hanyar da ya bi ya tsallaka daga wannan sana'a zuwa waccan, da abin da ya isa lafiya, da kuma abin da ya zube a hanya. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin a yau mutum yana kwana a cikin gini, yana kuma wuni a cikin manhajar wayarsa, kuma sau da yawa ba a nemi shawararsa ba wajen tsara ko ɗaya daga cikin biyun.

Tushen Magana

Tambayar abin da ke sa gini ya amsa sunansa tsohuwa ce. Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani injiniyan daular Rum mai suna Vitruvius ya rubuta littafi mai kashi goma a kan gini, ya sadaukar da shi ga Sarki Augustus. A ciki ya kafa sharuɗɗa uku: gini ya kasance mai ƙwari, mai amfani, mai kyau. Da aka sake gano littafin a Turai a farkon ƙarni na 15, sai ya zama madogarar masu zanen gini na ɗaruruwan shekaru.

Sai dai kuma yawancin gidajen da 'yan Adam suka zauna a ciki tun fil'azal ba daga littafi aka gina su ba. Magini ya gaji sana'ar daga ubansa, uban kuma daga nasa uban, kuma mai gida yana tsaye a kan aikin. In damina ta nuna aibi, da rani a gyara. Ƙarni na 20 ne ya raba waɗannan mutane uku: mai zane yana ofis, magini yana bin takarda, wanda zai zauna a gidan kuwa ba a ma san ko wane ne ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatoci a Turai da Amurka suka shiga gina dogayen benaye masu kama ɗaya don saukar da dubban jama'a. Wanda ya fi shahara shi ne rukunin Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, benaye 33 masu hawa 11 kowanne, da aka kammala a tsakiyar shekarun 1950. Ba a yi shekara ashirin ba aka fara rushe su, a 1972. Gaskiya ne cewa rashin kuɗin gyara da wariyar launin fata da raguwar jama'ar birnin duk suna da hannu a wannan faɗuwa, amma hoton rushewar ya sa mutane da yawa sun soma tambayar ko masana sun san abin da suke yi.

Alexander Da Neman Dalili

An haifi Alexander a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1936. Iyayensa suka gudu da shi zuwa Ingila a 1938, lokacin da 'yan Nazi suka mamaye ƙasar. Ya karanta lissafi da zanen gine-gine a Jami'ar Kembirij, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Harvard, sannan a 1963 ya fara koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya shafe kusan dukkan rayuwarsa ta aiki.

Littafinsa mai suna Notes on the Synthesis of Form ya fito a 1964. A ciki ya bambanta al'ummomi iri biyu: waɗanda ke gini bisa gado ba tare da sun zauna sun yi nazarin abin da suke yi ba, da waɗanda suka mayar da zane sana'ar masana. Cikin misalan da ya kawo na rukunin farko akwai ɗakunan laka na ƙabilar Musgum, mazauna arewacin Kamaru da Chadi. Ɗakin Musgum dogo ne mai tsini, an yi wa bayansa tudu-tudu a jere. Waɗannan tudu su ne matakalar magini yayin da yake ɗaga gini, su ne kuma ke tafiyar da ruwan sama don kada ya cinye bango, su ne dai mai gida zai taka in ya tashi yin yaɓe. Abu ɗaya ya biya buƙata uku, kuma babu wani mutum guda da za a ce shi ya ƙago shi. Abin da Alexander ya fahimta shi ne, irin wannan dacewa tana samuwa ne saboda mai gini shi ne mai zama, kuma yana gyara kuskure da zarar ya bayyana. Hausawa sun riga sun taƙaice wannan da cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, yaya masanin zamani zai kai ga wannan dacewa alhali ba shi da ɗaruruwan shekaru na gwaji? Amsar farko da Alexander ya bayar ta lissafi ce. Ya ɗauki wani ƙauye a Indiya, ya jera buƙatu 141 da tsarin ƙauyen ya kamata ya biya, tun daga shayar da shanu har zuwa al'amuran ibada, ya nuna waɗanda ke cin karo da juna, sannan ya sa kwamfuta ta rarraba su rukuni-rukuni, ta yadda za a iya warware kowane rukuni ba tare da an dagula sauran ba. Wannan dabara ta tsinka babbar matsala zuwa ƙanana masu cin gashin kansu ita ce ta fara jawo hankalin masana kwamfuta gare shi.

Bai daɗe ba ya ga gazawar hanyar. A 1965 ya wallafa wata maƙala da ke cewa gari ba bishiya ba ne. Manufarsa ita ce, biranen da aka zana a takarda, irin su Brasilia da Chandigarh, an tsara su kamar reshe da rassa: nan wurin kwana, can wurin ciniki, can kuma wurin aiki, kowanne a killace. Garin da ya girma da kansa kuwa al'amuransa a cuɗe suke. Ya ba da misali da wata kusurwa a Berkeley inda fitilar ba da hannu ke tsayar da masu tafiya a ƙasa, suna jira suna leƙen jaridun da aka baje a ƙofar wani kantin magani, wasu har su saya. Fitila da jarida da kanti sun zama abu guda mai rai, kodayake babu mai zanen da ya haɗa su.

Harshen Zubi

Daga nan ne ya koma ga abin da za mu kira zubi. Ɗaliban adabi sun san wannan kalma daga nazarin zubi da tsarin waƙa: ƙwarangwal ne da mawaƙa dubu za su yi amfani da shi ba tare da waƙoƙinsu sun zama iri ɗaya ba. Haka zubin gini yake a wurin Alexander. Akwai yanayi, akwai matsalar da ke yawan aukuwa a wannan yanayi, akwai kuma jigon maganinta, wanda kowa zai aiwatar daidai da wurinsa da ƙarfinsa.

A 1977 shi da Sara Ishikawa da Murray Silverstein da wasu abokan aiki uku suka fitar da A Pattern Language, littafi mai shafi fiye da dubu, ɗauke da zubi 253. Ya fara daga tsarin yankuna da garuruwa, ya gangaro zuwa unguwa da gida da ɗaki, har ya dire a kan abubuwan da mutum ke ratayawa a bangonsa. Zubi na 21 ya ba da shawarar kada gidajen zama su wuce hawa huɗu, don kada mazauna su yanke daga rayuwar titi. Zubi na 159 ya ce kowane ɗaki ya sami haske daga ɓangarori biyu, domin hasken gefe ɗaya yana kashe ido, yana kuma hana mutum karanta fuskar abokin zancensa. Zubi na 127 kuwa ya ce a jera ɗakunan gida daga na jama'a zuwa na sirri, ta yadda baƙo zai tsaya a inda matsayinsa ya kai. Duk wanda ya san gidan Bahaushe na gargajiya, daga zaure zuwa shigifa, zuwa tsakar gida, zuwa turaka, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan zubi, don kakanninsa sun daɗe suna gina shi da tubali da azara ba tare da sun ba shi lamba ba.

Abubuwa biyu sun cancanci kulawa a tsarin littafin. Na farko, kowane zubi yana nuni ga manyan da yake ƙarƙashinsu da ƙananan da ke cika shi, kamar yadda kalmomi ke haɗuwa su ba da jimla; dalilin kiran sa harshe ke nan. Na biyu, marubutan sun sa wa kowane zubi alamar tauraro biyu, ko ɗaya, ko babu, gwargwadon yadda suka amince da ingancinsa, wato sun bar ƙofar gyara a buɗe. Babbar manufar kuwa ita ce a mayar wa talaka ikon tsara muhallinsa. An gwada hakan a Jami'ar Oregon, inda aka sa ɗalibai da malamai cikin shawarar gine-gine, aka kuma fifita ƙari kaɗan-kaɗan a kan babban tsari na lokaci ɗaya. An sake gwadawa a garin Mexicali na Meziko a tsakiyar shekarun 1970, inda iyalai suka zana gidajensu suka gina da hannunsu, sai dai aikin ya tsaya a gidaje biyar. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai a wurin jama'a, amma yawancin makarantun zanen gini sun yi masa kallon mai son mayar da hannun agogo baya.

Halin Da Masu Manhaja Ke Ciki

A daidai wannan zamani, wata sabuwar sana'a tana fama da nata ciwon. Kwamfutoci sun ƙara ƙarfi, manhajoji sun kumbura, ayyuka suna wuce wa'adi da kasafi, in an gyara nan sai can ya ɓalle. A watan Oktoba na 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana kimanin hamsin a garin Garmisch na Jamus don duba lamarin. A wannan taro ne Peter Naur, masani daga ƙasar Denmak, ya ja hankali cewa matsayin masu manhaja ya yi kama da na masu tsara garuruwa da manyan masana'antu, ya kuma ambaci littafin Alexander na 1964 a matsayin inda za a iya samun haske.

Wani ci gaba kuma ya share fage. A ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard sun ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Simula 67, wanda ke kallon manhaja a matsayin tarin abubuwa, kowanne da bayanansa da ayyukansa, suna aika wa juna saƙo. A shekarun 1970 Alan Kay da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox suka faɗaɗa wannan hanya cikin harshen Smalltalk. Da manhaja ta zama kamar unguwa mai gidaje da ƙofofi da hanyoyi, sai tambayar ta koma irin ta mai tsara gari: wane ne zai zauna kusa da wane, kuma ta wace ƙofa za su yi hulɗa? Gwanaye sun san amsoshin, amma ilimin yana cikin kawunansu, babu sunan da za su kira shi da shi balle su koyar.

Ƙaurar Tunani

A 1987 Kent Beck da Ward Cunningham, waɗanda suka yi aiki tare a kamfanin Tektronix a jihar Oregon, suka yi wani ɗan gwaji. Wata ƙungiya ta kasa tsara fuskar manhajar da take ginawa. Sai suka rubuta zubi biyar kacal bisa salon Alexander, alal misali cewa kowane aiki ya sami tagarsa, kuma jerin zaɓi ya zama gajere, suka miƙa wa wakilan waɗanda za su yi amfani da manhajar, suka ce su tsara da kansu. Sakamakon ya yi kyau, suka kuma gabatar da shi a taron OOPSLA na wannan shekara. A lura cewa a wannan matakin ruhin Alexander yana nan daram: mai ɗaki aka ba alƙalami.

A 1993 Beck da Grady Booch suka tara wasu masana a tsaunukan Colorado, inda aka kafa ƙungiyar Hillside, wadda ta shirya taron farko na musamman a kan zubin manhaja a jihar Illinois a 1994. A ƙarshen wannan shekara ne littafin Design Patterns ya fito, na Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides, waɗanda aka yi wa laƙabi da Gungun Mutum Huɗu. Sun tattara zubi 23: biyar a kan yadda ake samar da abubuwa, bakwai a kan yadda ake harhaɗa su, goma sha ɗaya a kan yadda suke mu'amala. Sun bayyana a fili cewa ba su ƙago ko ɗaya ba, sun tsinto su ne daga manhajojin da suka riga suka yi nasara.

Misalai uku za su wadatar. Akwai zubin da za mu kira Fuskar Gini, wanda sunansa ma daga gini aka aro: manhaja mai sassa da yawa a cukurkuɗe sai a yi mata ƙofa guda mai sauƙi, na waje ya tsaya nan ya faɗi buƙatarsa, ba sai ya san abin da ke cikin gida ba. Akwai zubin Tafinta, wanda ke shiga tsakanin sassa biyu da ba sa jin yaren juna, kamar 'yar mahaɗar da ke sa filogi mai ƙafa biyu ya shiga soket mai rami uku. Akwai kuma zubin Masu Sauraro, inda duk sashen da ke son labarin wani abu zai rubuta sunansa, da zarar abin ya canja a sanar da kowa. Haka jadawali a kwamfuta ke sake kama da kansa in an canja lambar da yake dogaro da ita. Babbar ribar ita ce suna. Injiniya a Tokyo da takwaransa a Legas za su ambaci kalma ɗaya su fahimci tsari guda, ba tare da dogon bayani ba.

Wannan yunƙuri ya haifi wani ɗa da ba a zata ba. Cunningham yana neman hanyar da masana za su riƙa rubuta zubi tare suna gyara wa juna, sai a watan Maris na 1995 ya buɗe dandalin da kowa zai iya gyara shafinsa, ya kira shi da kalmar wiki, wadda ke nufin sauri a harshen mutanen Hawai. A kan wannan dabara aka gina Wikipedia a 2001, wadda a yau take da sashen Hausa. A 2001 ɗin dai Beck da Cunningham suna cikin mutum 17 da suka sa hannu a sanarwar da ta yi kira da a riƙa gina manhaja kaɗan-kaɗan tare da mai ita, ana gyara a kai a kai, wato kusan abin da aka gwada a Jami'ar Oregon shekaru da dama kafin nan.

Abin Da Ya Zube A Hanya

A watan Oktoba na 1996 masu manhaja suka gayyaci Alexander ya yi babban jawabi a taron OOPSLA a birnin San Jose. Ya yaba musu, amma bai ɓoye damuwarsa ba. Ya nuna cewa sun ɗauki siffar rubuta zubi a matsayin hanyar musayar dabaru, alhali shi abin da ya sa shi aikin ya wuce haka. Ya tambaye su ko zubinsu yana kyautata rayuwar ɗan Adam, da ko yana haɗuwa ya haifar da abu guda cikakke, ko kuwa tarin kayan aiki ne kawai. Ya kuma tunatar da su cewa nan gaba kaɗan manhaja za ta shiga kusan duk abin da ake ginawa a duniya, don haka nauyin yana wuyansu.

Suka ta zo daga cikin gida ma. A wannan shekara Peter Norvig ya nuna cewa 16 daga cikin zubi 23 ɗin suna sauƙaƙa ko ma su ɓace a harsuna irin su Lisp, abin da ke nuna cewa wasunsu faci ne ga gazawar harsunan da ake yayi a lokacin. Haka kuma ɗalibai da yawa sun haddace sunayen suna cusa su inda babu buƙata, har magani ya koma cuta. Wanda ya gina zaure uku a gidan da ba ya samun baƙi ya bi zubi, amma ya manta dalilinsa.

Kammalawa

Alexander ya ci gaba da gini da rubutu. Ya gina harabar makarantar Eishin kusa da Tokyo a shekarun 1980, ya kuma fitar da littafi mai juzu'i huɗu a kan yanayin tsari a farkon wannan ƙarni. Ya rasu a Ingila ranar 17 ga Maris, 2022, yana da shekara 85.

Idan muka auna wannan tarihi, za mu ga cewa abubuwa uku sun tsallaka daga gini zuwa manhaja: tsinka babbar matsala zuwa ƙanana, rubuta ilimin gwanaye da ba shi suna, da gini kaɗan-kaɗan ana gyarawa. Na huɗu, wanda shi ne ya fi damun mai tunanin, wato a ba mai zama murya a cikin tsarin abin da zai rayu a ciki, har yanzu bai zauna da gindinsa ba a sana'o'in biyu. Ɗalibanmu da za su rubuta manhaja domin manomi da 'yar kasuwa da almajiri za su gamu da wannan tambaya tun ranar farko, domin yawancin manhajojin da ke wayoyinmu an tsara su ne a wasu ƙasashe, da wani harshe, domin wasu mutane. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin Hausa. Maginanmu na gargajiya suna da nasu zubin a kan inda ƙofa ke fuskanta, da kaurin bango, da wurin indararo, da yadda ake ɗaure bakan gizo, kuma tsofaffin da suka san dalilin kowanne suna ƙarewa. Hanyar da aka bi aka rubuta zubi 253 a Berkeley, wato yanayi da matsala da magani, za ta iya ɗaukar wannan ilimi cikin Hausa tun masu shi suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.